Wane Irin Gyara Ake Yi Wa Dokokinmu?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da wata kalma da ta cika mana kunne a rediyo, wadda na lura yawancinmu mutanen karkara da 'yan tireda muna jin ta ne kawai mu wuce, ba mu tsaya mun tambayi abin da ke cikinta ba. Kalmar kuwa ita ce "gyara", tare da 'yan'uwanta "gyaran fuska" da "kwaskwarima" da "garambawul", waɗanda kullum ake jingina su ga doka da tsarin mulkin ƙasa.

Ni dai ɗan tireda ne, ina kuma taɓa awon hatsi ranar kasuwa, ban yi karatun lauya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta kaure a rumfarmu a watan Yuli na 2025, lokacin da kwamitocin Majalisar Tarayya suke zagaya shiyyoyin ƙasar nan suna jin ra'ayin jama'a. Mai karanta labarai ya ce za a yi wa tsarin mulki gyaran fuska, sai wani dattijo mai sayar da goro ya ɗago kai ya ce, "Wai ni shi tsarin mulkin nan gemu gare shi ne?" Aka bushe da dariya. Amma da dariyar ta lafa sai wanzaminmu, wanda ke zaune yana wasa askarsa, ya ce shi a sana'arsa in mutum ya ce a yi masa gyaran fuska, to saje da gashin baki da bakin goshi kawai za a daidaita, ya tashi da sumarsa a kansa. Ya ce in dai haka za a yi wa doka, ai ba abin da zai sa mutum ya bar cinikinsa ya saurara. Tela kuma ya ce a'a, shi ya san gyaran da ake yi wa riga a rage ta har mai ita ya kasa sa ta. Tun daga ranar maganar take yi mini yawo a kai.

Jama'a, mu duba yadda muke amfani da kalmar nan a tsakaninmu. In ka auna wa mace tiya biyu ta gero, kafin ta ɗaure bakin buhu za ta ce, "Malam, gyara mini mana," kai kuma ka ɗebo da hannu ka ƙara mata. Mai ƙosai ma haka, mai nono ma haka. Wato a kasuwa gyara ƙari ne, alheri ne daga mai sayarwa. In keke ya lalace ka kai wa mai gyara, ka karɓo shi yana tafiya. In yaro ya kangare a ce Allah ya gyara shi. Ko mai tura baro da ke ihun "gyara, gyara!" ceton ƙafarka yake yi. Ba inda Bahaushe yake jin gyara ya kawo ɓarna a ransa, shi ya sa ma ake cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To da wannan kunnen muke jin labarin majalisa. Da an ce an gyara doka sai zuciya ta ɗauka cewa da can a karye take, yanzu an ɗora ta.

Alhali kuwa abin da 'yan majalisa da lauyoyi suke nufi bai kai nan ba. Su a wurinsu, in an cire kalma daga cikin doka, ko an ƙara kalma, ko an sauya wani adadi da wani, to shi ke nan an yi abin da rediyo ke fassara mana da gyara. Kalmar tasu ba ta ce an kyautata ba, ba ta ce an munana ba, ba ta kuma faɗi girman abin da aka taɓa ba. Mu ne da harshenmu muke yi wa abin ado tun kafin mu gan shi. In an ce "gyara" mu ji alheri, in an ce "gyaran fuska" ko "kwaskwarima" mu ji ɗan abu ne kaɗan, kamar shafen farar ƙasa da ake yi wa zaure gab da Sallah, ko fentin da dillali ke yi wa tsohuwar mota kafin ya kai ta kasuwa. In an ce "garambawul" kuma mu ji an sauke inji gaba ɗaya. Masu fassara kuwa sau da yawa duk wadda ta zo bakinsu ita suke ɗauka.

Bari in kawo misali daga cikin tiredata. A dokar kuɗi ta 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2020, an je wurin da aka rubuta kashi 5 cikin 100 na harajin kayayyaki da ake kira VAT, aka mayar da shi kashi 7.5, ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 2020. A kan takarda wannan ko layi guda bai cika ba, in gyaran fuska ne ma to ɗan gashin baki aka taɓa. Amma duk wanda ke saro sabulu da omo da batir da katin waya ya ji shi a jikinsa, domin kamfani ya ɗora wa babban dila, babban dila ya ɗora mana, mu kuma muka ɗora wa mai saye, muka sha zagi a bakin teburi kamar mu muka zauna a Abuja muka yanke. Gaskiya ne dokar ta keɓe ɗanyen abinci irin su hatsi, ta kuma ce mai cinikin da bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba, ba sai ya tara wa gwamnati wannan haraji ba. Sai dai wa ya zo ƙauye ya faɗa mana haka? Ƙarin muka ji, sassaucin kuwa sai daga baya a bakin wani ɗalibi.

Haka nan abin da ya faru da masarautar Kano. A watan Mayu na 2019 Majalisar Dokokin Jiha ta yi wa dokar sarakuna abin da aka kira gyara, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, aka wayi gari masarauta ɗaya ta koma biyar, an ƙara Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 kuma wata majalisar ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, magana ta koma kotu. Ni ba na nan don in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure, kowa da nasa ra'ayin, kuma a rumfarmu ma an kusa ba hammata iska a kan wannan. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, duka biyun cikin 'yan kwanaki aka gama su, kuma abin da ya taɓa hakimai da dagatai da masu unguwanni na jiha guda, ya sauya inda talaka zai kai gaisuwa da inda zai kai ƙara, ba shi ne wanzami ke kira gyaran fuska ba. Sannan a nan ne za a ga bambancin gyara da sokewa: gyara yana barin dokar da ranta ya taɓa wani sashe, sokewa kuwa kashe ta ne ɗungurungum.

Manya daga cikinmu ba su manta da 2006 ba. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo an kawo wa Majalisar Tarayya ƙunshin gyare-gyare fiye da 100 na tsarin mulki, a tsakiyarsu kuma aka cusa guda ɗaya, wanda zai mayar da wa'adin shugaban ƙasa da gwamnoni daga biyu zuwa uku. Shi dai Obasanjo ya sha musanta cewa ya nemi haka. Kalma ɗaya ce za a sauya, biyu ta koma uku, amma ƙasar nan sai da ta girgiza, har ranar 16 ga Mayu, 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙunshin baki ɗaya, na kirki da na banza suka tafi tare, kamar yadda ake zubar da kwandon tumatir saboda ruɓaɓɓen da aka ɓoye a ƙasa. Talakawa a lokacin ba su ce gyara ba, sunan da ya dace suka ba abin, wato tazarce. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ga irinta. Tsarin mulkinsu na 1999 ya hana a taɓa maganar wa'adi sam, sai Shugaba Mamadou Tandja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, 2009 aka kawo sabon tsari da ya ƙara masa shekara 3. Bai ci su ba, soja suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu, 2010.

To akwai kuma ɗaya gefen, inda ake buga ganga da ƙarfi amma in ka leƙa sai ka tarar kwaskwarimar ce ta gaske. A 2019 an yi sabuwar doka aka sauya wa gidajen yari suna, yanzu a rediyo sai ka ji ana cewa "gidan gyaran hali". Ga kalmar tamu ta sake fitowa. Ban ce dokar ba ta da abin kirki a ciki ba, domin ta kawo maganar hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. Amma mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen nan jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba balle a gyara halinsu, kuma duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa tuwo can ya san allon ƙofa ne ya fi saurin sauyawa. A cikin gyare-gyare 16 da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da yawa sauya sunayen ƙananan hukumomi ne, ciki har da Kunci ta Jihar Kano da ta koma Ghari. Ina taya mutanen can murna, suna abu ne mai daraja, kuma wa zai so a riƙa kiran garinsu da abin da ke kama da ƙunci? Sai dai a sani cewa sai da maganar ta bi ta Majalisar Dattawa da ta Wakilai da majalisun jihohi kafin a sauya wannan suna. Taken ƙasa kuwa, a watan Mayu na 2024 cikin mako guda aka kawo ƙudirin, aka amince, aka sa hannu, muka koma tsohon take. Ashe in ana so a yi sauri ana iyawa.

Kada a ce na zo ne in kushe komai. Akwai gyaran da ya amsa sunansa. Lokacin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009 bai bar takardar miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna wata biyu da 'yan kai ba a san mai riƙe da ita ba, domin tsarin mulki bai faɗi abin da za a yi ba in shugaba bai rubuta takardar ba. Sai a watan Fabrairu na 2010 majalisa ta nemo dabara ta ɗora Goodluck Jonathan riƙo. A gyaran 2010 aka toshe wannan ɓaraka a sashe na 145, aka ce in kwana 21 suka wuce ba takarda, majalisa na iya ba mataimaki riƙo. Wannan shi ne ɗinkin da aka yi daidai inda riga ta yage. Haka kuma a 2018 an rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25, ko da yake ba a rage kuɗin fom da na kamfe ba, waɗanda su ne ainihin katangar da ke gaban ɗan talaka. A 2023 ma an ba jihohi ikon yin dokar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari, abubuwan da da can kusan duk ikonsu a hannun Gwamnatin Tarayya yake. Wannan babban abu ne, domin yanzu in gari ya kwana cikin duhu gwamna ba zai ce hannunsa a ɗaure yake ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato wa ke riƙe da askar. Tsarin mulkin da muke kai soja ne suka bar mana shi a 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, kuma sashe na 9 ya faɗi yadda za a taɓa shi. Sai kashi biyu cikin uku na sanatoci 109 sun yarda, wato 73, da kashi biyu cikin uku na wakilai 360, wato 240, sannan a aika wa majalisun jihohi 36, sai 24 daga cikinsu sun amince. Wasu sassan ma, irin na haƙƙin ɗan Adam da na ƙirƙiro jihohi, sai kashi huɗu cikin biyar na Majalisar Tarayya. Ma'ana, jihohi 13 kacal in suka ƙi, ko suka yi shiru suka sa takardar a aljihun tebur, magana ta mutu. Bayan duk wannan kuma ga sa hannun shugaban ƙasa, kamar yadda aka gani a 2015 lokacin da Jonathan ya ƙi sa hannu, aikin shekaru da kuɗin da aka kashe suka bi ruwa. Masu neman sababbin jihohi su lura da wannan, tun da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro shida a 1996, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa, lissafi ya tsaya a 36.

Mu mutanen ƙauye idonmu kullum yana kan Abuja, muna zagin sanata da ɗan majalisar tarayya, mun manta da ɗan majalisar jiha da ke zaune kusa da mu, wanda muke haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Alhali a hannunsa gyaran da ya fi shafarmu ya mutu. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirori 68, ta aika wa jihohi 44, jihohi suka amince da 35. Daga cikin waɗanda ba su tsallake ba har da na ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, wato a rushe asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya kafa, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke bi ta hannun jiha kafin ya iso, in ya iso. Kowa ya san ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin talaka: rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani, rumfunan kasuwa, kwalbatin da ke yankewa duk damina. Sauya suna ya wuce salin alin, wannan kuwa ya maƙale. Sai da Gwamnatin Tarayya ta kai gwamnoni ƙara, ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Duk da haka a zaman jin ra'ayi na 2025 maganar ta sake dawowa kan tebur, tare da ta 'yan sandan jihohi da ta kujerun mata. Ni a ganina, wanda duk ya zo neman ƙuri'ar majalisar jiha, tambaya ta farko da ta kamace shi ita ce: ranar da aka kawo wannan ƙudiri, kai ko wanda kake son gada, ina kuka ɗaga hannu?

Akwai kuma wata doka da ba na jin an ambace ta sai gabana ya faɗi, ita ce dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Ita ce ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kai mai gona izinin zama da amfani kawai gare ka. Shekarun baya an zo an auna gonarmu ta gado, wadda kakanmu ya sare da hannunsa, aka ce za a yi aikin gwamnati a wurin. Aka ƙirga mana ɗorawa biyu da mangwaro da abin da ke shuke, aka biya mu kuɗinsu, ita ƙasar kuwa aka ce ba a biyan diyyarta domin a doka ba tamu ba ce. Mu bakwai muka raba abin da bai sayi rabin fuloti ba. Mahaifiyarmu har ta rasu in ta bi ta wurin sai ta kawar da kai. Wannan doka an ɗaure ta a jikin tsarin mulki a sashe na 315, ba a taɓa ta sai an bi waccan doguwar hanya ta jihohi 24, kuma su gwamnonin da ƙasar ke hannunsu su ne masu faɗa a ji a majalisun. 'Yar'aduwa ya sa gyaranta cikin manufofinsa bakwai, Allah bai nufa ba.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo, sai bayan shekaru wani yaron unguwarmu da ya karanta lauya ya nuna mini cewa a cikin ita wannan dokar, a sashe na 6, an ce in an karɓe gonar da mutum ke nomawa bisa haƙƙin gargajiya, to ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Ba wanda ya faɗa mana, mu kuma ba mu san mu tambaya ba, muka sa hannu muka yi godiya. Ka ga a nan ba gyara dokar ke jira ba, aiki da ita ne ba a yi ba. Tun daga lokacin in na ji ana ihun a gyara doka kaza, sai in ce a fara karanta mana wadda ke akwai tukuna, da Hausa, mu ji abin da ta ba mu wanda ba a ba mu ba.

Wani ruɗanin da ke cutar da mu a kasuwa shi ne rashin bambanta ƙudiri da doka. Sai ka ji an ce majalisa ta yi wa abu kaza karatu na biyu, kafin la'asar labari ya zagaye kasuwa cewa an yi doka, dillalai sun ƙara kuɗin kaya, wani ma ya fito da rasit yana karɓar abin da ba a kafa ba. Ƙudiri fa tayi ne, ba a sallama ba. Sai ya bi karatu na ɗaya da na biyu, ya shiga kwamiti, ya dawo karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta yi nata, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A wannan tsakanin ne kuka ke da amfani. Dubi dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa a watan Oktoba na 2024. A yadda suka zo da farko, VAT zai tashi zuwa kashi 10, ya yi ta hawa har 15. Gwamnonin Arewa da sarakuna da malamai suka yi ca a kan yadda za a raba kuɗin, aka yi ta kai ruwa rana, kafin a sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025 an cire ƙarin, an bar shi a 7.5, an kuma ce mai samun Naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara ba zai biya harajin samu ba, aka sa 1 ga Janairu, 2026 ranar fara aiki. Da an yi shiru an ce ai gyaran fuska ne, da yanzu wani zancen ake yi. Sai dai ko a wannan karon manya ne suka yi magana saboda rabon jihohinsu, ban ji wanda ya zo rumfarmu ya tambayi mai tireda rasit nawa yake yanka ranar kasuwa ba.

Saboda haka, Edita, ina kira gare ku 'yan jarida da ma'aikatan gidajen rediyo, ku da kuke tsakaninmu da Turancin majalisa. In ƙari aka yi ku ce an ƙara, in ragi ne ku ce an rage, in sokewa ce ku ce an soke, in suna kawai aka sauya ku ce an sauya suna. Ku faɗa mana abin da dokar ta ce da, da abin da ta ce yanzu, da ranar da za ta fara aiki, da kuma ko ƙudiri ne har yanzu ko an sa hannu. Kalmar kwaskwarima ku ajiye ta sai inda kuka duba kuka tabbatar hoda ce da jan baki. Ina kuma roƙon wannan jarida, duk lokacin da aka aika wa jihohi ƙudirorin tsarin mulki, ta buga mana su ɗaya bayan ɗaya da Hausa, ta kuma buga sunayen majalisun da suka amince da waɗanda suka ƙi da waɗanda suka yi gum. Mu a rumfarmu akwai mai karanta mana jarida duk ranar kasuwa bayan azahar, mutum ashirin ko fiye ke zama su saurara, har da mai goron nan da wanzamin, kuma na yi musu alkawarin in wannan takarda ta fito ita za a fara karantawa.

 

Naku mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda,
Jihar Kano.